Ƙungiyarmu ta wasan daɓe na neman durƙushewa: mu sayar da kaya ko mu rufe ajin yara?

Ma'aji, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nike nema, musamman daga waɗanda suka taɓa riƙe kuɗin ƙungiya a lokacin da babu.

Ni ne ma'ajin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo na daɓe da raye-rayen gargajiya a nan cikin birnin Katsina. Mu 22 ne. Akwai teloli irina, akwai malaman firamare, akwai 'yan kwaleji, akwai makaɗa biyar waɗanda su kiɗan ne kaɗai sana'arsu. Babu mai biyanmu albashi. Abin da ya riƙe mu shi ne bukukuwa, da taron hukuma in ana son masu rawa su tarbi baƙi, sai kuma wasannin faɗakarwa da ƙungiyoyin agaji kan ɗauke mu mu yi a ƙauyuka kan rigakafi da tamowa da karatun 'ya'ya mata. Wannan na ƙarshen shi ne ƙashin bayanmu, don shi ne ake biya a kan lokaci kuma da rasit.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai lissafinmu bai ƙara daidaita ba. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Bas ɗin da muke shata zuwa Daura, tafiyar da ba ta fi kilomita 80 ba, da naira 25,000 muke biya zuwa da dawowa, yanzu direba ba ya sauraronka in ba ka ambaci 80,000 ba. Ana cikin haka aka rufe iyaka da Nijar a Agustan 2023 bayan juyin mulkin can. Maraɗi kuwa nan ne muke samun sefa, kuma ko da aka buɗe a 2024 masu gayyatarmu ba su dawo kamar da ba. Wajen Batsari da Safana da ma mun daɗe da daina zuwa saboda 'yan bindiga. Sai ga shi a Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take ba ƙasashen waje, daga baya aka rufe hukumar agajinta ta USAID, ƙungiyar da ta fi ba mu aiki ta kira shugabanmu ta ce shirin da muke ciki ya tsaya.

Yau abin da ke asusu naira 410,000 ne. Hayar shagon da muke ajiye ganguna da tufafin wasa, muke kuma yin gwaji a bakinsa, 250,000 ce a shekara, kuma ƙarshen wata take ƙarewa. Kalangu biyu na jiran fata. Akwai makaɗinmu da matarsa ta kusa haihuwa.

An rabu gida biyu. Wasu sun ce a sayar da janareta da lasifikoki huɗu da miksa, akwai wanda ya taya 900,000, a biya haya a raba sauran kowa ya ɗan numfasa. Wasu kuma sun ce kaya su zamna, amma a rufe ajin yara da muke yi ranar Asabar, sannan a karɓi tayin wani ɗan siyasa da ya ce zai biya mana haya in za mu riƙa sa hularsa muna yi mashi kiɗa har zaɓen 2027.

Ajin nan yara 34 ne, yawancinsu 'ya'yan unguwa, wasu marayu. Ana koya masu kiɗan kalangu da duma, da tsayuwa gaban jama'a, da haddace magana. Yana cin kimanin 30,000 a wata, kuɗin motar malamai biyu da ruwa da ɗan ƙosai da gyaran kayan da yara suka fasa. Ba ya kawo ko kwabo. Amma rabin manyan 'yan wasanmu na yau daga nan suka taso, kuma ni saboda shi nike cikin ƙungiyar. Zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya cikin shawarwarin nan ba, ga shi kuwa ni ke riƙe da littafi, na san lissafin bai fita. Don Allah wanda ya ga wata ƙofa ya nuna mani.

Tsohon ɗan wasa, Daura

Wa'alaikumus salam ɗana ma'aji. Jikana ne ya karanta mani maganarka, shi ne kuma ke rubuta wannan.

Mun ga irin wannan. A 1986 da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, naira ta faɗi, ma'aikata suka koma lissafin kwanon gero, masu gayyata suka ɗauke ƙafa. Lokacin ma ba a ba mu jiha ba, sai a 1987, komai na al'adu sai an tafi Kaduna. Ƙungiyoyin wasa da na sani a wancan zamani da yawa sun watse, amma in ka bi diddigi za ka tarar zargi ne ya watsa su. In akwai kuɗi ba mai tambayar ma'aji. Ranar da aka raba aka ga bai kai ba, ranar ake fara cewa ina sauran. Saboda haka kafin komai, ka ɗauki littafin nan naka ka karanta shi da ƙarfi gaban mutum 22 ɗin nan, layi-layi, har kuɗin ƙosan yara. Duk wata ka yi haka.

Mu abin da muka yi, in an dawo daga wasa ba a kwana da kuɗi. A kan tabarma ake zube shi a ƙirga kowa na gani. Kafin a ba kowa, sai a cire ɗaya bisa goma a ce na ganga ne. Ba a rance da shi, ba a biki da shi, ba a zuwa gaisuwa da shi, ko shugaba bai isa ba. Da shi ake sayen fata da tsirkiya da ɗinkin riguna. Ko an samu kaɗan sai an cire. Shi ya sa muka fita daga waɗannan shekaru da kayanmu cikakku.

Maganar shago: ku sake shi. Naira 250,000 don a kulle ganguna a ɗaki ba ta dace da halin da kuke ciki ba. A cikinku ba a rasa mai zaure ko ɗakin soro. Ku je wurin mai unguwa, ku je wurin hedimasta, filin firamare bayan an tashi ya ishe ku gwaji, ya ishi yara. Janareta kuwa ni bai dame ni ba. Mun yi wasa bayan la'asar mutum ɗaruruwa na kallo babu makirufo, don an koya mana buɗe murya. Ganguna da tufafi dai kada ku taɓa.

Ɗan siyasar nan nake so ka natsu a kansa. Matasanku za su ce ai makaɗi da ubangida aka san shi. Gaskiya ne, amma makaɗin fada sarki ke ba shi gona da doki da riga, kuma in sarki ya rasu wanda ya gaje shi ya gaji makaɗin. Ɗan takara ba ya ba ka gona. A jamhuriya ta biyu na ga abokan sana'armu da suka rungumi jam'iyya ɗaya, sun yi babura, sun yi suna. Ranar 31 ga Disamban 1983 soja suka karɓi mulki, washegari babu jam'iyya babu ubangida, kuma rabin gari ba ya gayyatarsu biki saboda habaicin da suka yi wa iyayen mutane. Wasu har suka bar sana'ar ba su wanke wannan ba.

Yara kuma kada ka rufe. In ƙosan ne ya gagara, a daina ƙosan.

Uwar ƙungiyar amada, Sabuwar Unguwa

Baba, Allah ya ƙara girma, amma a kan janareta na saɓa maka. Biki na yanzu in babu lasifika uwar amarya ba za ta kira ka ba, za ta kira mai DJ ne. Malam Ma'aji, kayan da aka taya 900,000 yau, je ka kasuwa ka tambayi sabonsu ka ji. Duk daga waje suke zuwa, dala kuwa da take wajen 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. In kun sayar ba za ku ƙara mallakar irinsu ba. Kayan da ke kwance kwana biyar a mako ai jari ne. Ku ba da su haya ga masu walima da saukar karatu da taron makarantu, amma kada su fita sai da yaronku da ya iya haɗawa, kuma mai haya shi ke zuba mai.

Abin da ba ka faɗa ba shi ne nawa kuke caji. Na san farashin gari, ba za ku wuce 200,000 ba a wasan waje. To mu lissafa. In kun tafi ku 16: mota 80,000, mai na janareta 10,000, abinci a ce 1,500 kowa, 24,000 ke nan. An ci 114,000. Saura 86,000, a raba wa mutum 16, kowa bai kai 5,500 ba, asusu kuwa ko sisi. Tela ya rufe shago wuni guda saboda wannan? Ba rashin aiki kaɗai ke cin ku ba, kuna yin aiki a farashin 2022 ne da tsadar yau.

Ni abin da na yi, na raba kuɗin mota da kuɗin wasa. Mai biki shi zai kawo mota ko ya biya direba da hannunsa, don ya ga tsadar da idonsa, kada ya ce ni ce na tsawwala. Na kuma yi fita iri-iri: ta mutum biyar ga mai ƙaramin ƙarfi, ta goma, da ta duka ƙungiya. Mafi yawan aikinmu yanzu ta mutum biyar ce, ana yi bi da bi don kowa ya samu. Sannan ba na ɗaura ɗankwali in fita sai an ba ni kashi 70 kafin alƙalami. Wanda ya ce "ai za a yi maku liƙi" ina ce mashi Allah ya sa albarka, amma liƙi ba farashi ba ne. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 na gane haka, mun yi bukukuwa a lokacin ƙwarya ta dawo wayam. Yanzu lambar asusun ƙungiya na rubuce jikin allo muna kafa shi a gefe, mai so ya yi taransifa.

Ɗan siyasa kuwa, kada ku ƙi kuɗinsa, kada kuma ku bari ya biya maku haya. In yana da taro ya ɗauke ku na wuni ɗaya kamar kowa, ya biya duka kafin ku hau mota, ba hula, ba zagin kowa. Gobe abokin hamayyarsa ya zo, farashi ɗaya. Wanda ya biya maka haya shi ke da makullin ɗakinka.

Ka kuma tuna shekara ba ɗaya take ba. Bayan kaka, da gab da azumi, da bayan sallah biki ke yawa. Azumi da tsakiyar damina babu. Mu muna zuba adashi a watannin samu a kwasa a watannin rashi, kuma mai jego da mara lafiya ake fara ba. Makaɗinku mai jiran haihuwa irin wannan ya kamata ya tarar.

Ɗan kwaleji mai kyamara

Yaya ma'aji, ni dai na ga duk kuna maganar mota da fili, alhali masu kallo suna cikin waya. Wayar hannu ɗaya mai kyau da ƙaramin makirufo sun isa. Ku riƙa yanka wasanninku minti uku-uku kuna sawa a TikTok da Facebook, cikakken kuma a YouTube. Yaran ajin Asabar ɗin nan ma, in iyayensu sun amince, yaro ɗan shekara goma yana kaɗa kalangu abu ne da mutanen Katsina mazauna Legas da Saudiyya za su tura wa juna. YouTube dala yake biya. In kuna so zan zo in ɗaukar maku kyauta har ku kama hanya.

Akanta, ina duba littattafan ƙungiyoyi

Ƙanena mai kyamara, tayinka na alheri ne, su karɓa. Sai dai kada a sa kuɗin YouTube cikin kasafin bana. Kafin tasha ta fara cin kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma ba a turo kuɗi sai sun kai dala 100. Tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ba ya da tsada. Amfanin bidiyon na kusa shi ne mai biki ya gan ku ya kira, mai ba da tallafi kuma ya ga shaidar aiki.

Malam Ma'aji, tambayata ta farko: asusun nan da sunan wa yake? In da sunanka ne ko na shugaba, babu mai tallafi na kirki da zai zuba kuɗi ciki. Hanya mai sauƙi ita ce rajistar ƙungiyar gama-kai a matakin jiha. Mai nisa ita ce rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020: ana son amintattu aƙalla biyu, da kundin tsarin ƙungiya, a buga sanarwa a jaridu a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan nan banki zai nemi lambar haraji da takardar SCUML, ofishin yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Akwai kashe kuɗi a ciki, kuma duk shekara sai an kai rahoto, don haka ba aikin wannan watan ba ne. Amma ku sa shi a gaba, kuma tun yanzu a ce kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu.

Rance kuwa ina roƙonka kada ku kusance shi. Babban banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, bankunan kasuwa sama da haka suke bayarwa. Ko shirin da babban bankin ya fito da shi a 2019 don masu fasaha, mai ruwa kashi 9, na fim ne da waƙa da ɗinki da fasahar kwamfuta, kuma bashi ne da ake biya wata-wata. Ƙungiyar da ba ta san abin da zai shigo wata mai zuwa ba ba ta da abin biya.

Gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar fasaha da al'adu a 2023, ministar ma, Hannatu Musawa, 'yar jihar nan ce. A jiha kuma akwai Hukumar Tarihi da Al'adu. Ku kai takardarku, ku tabbata sunanku na cikin waɗanda ake kira in za a tafi bikin al'adu na ƙasa, NAFEST, ko an yi baƙi. Amma kuɗin da ba a gani a hannu ba kada a yi masa kasafi. Daga waje akwai irin su asusun Prince Claus na ƙasar Holan, wanda kan ba mutum 100 yuro 5,000 kowanne a shekara, sai dai na ɗaiɗaikun masu tasowa ne, kuma da 'yan ƙasashe da yawa ake takara. Abin da ya kamata ka sani game da masu tallafi shi ne aiki suke saye, ba sa biyan haya. Ajin yaran da wasunku ke gani asara ne, shi ne kaɗai abin da kuke da shi da za a iya rubuta wa takardar neman tallafi. Ka fara ajiye rajistar zuwan yara da hotuna da abin da ake kashewa. Duk aikin faɗakarwa da ya ƙara zuwa kuma, ku sa kashi 10 na gudanarwa a cikin farashi, ba abin kunya ba ne, kowace ƙungiya haka take yi.

Kasuwa ɗaya da ba wanda ya ambata: makarantun sakandare. Masu rubuta Hausa a WAEC da NECO akwai littafin wasan kwaikwayo a manhajarsu, yawancinsu ba su taɓa ganin an taka shi ba. Ku nemi izinin mai littafin, ku shirya shi da mutum shida, ku yi a harabar makaranta da rana. Ɗalibi 200 a naira 300 ya ba ku 60,000, babu shatar mota, babu janareta.

Ma'aji, Ƙofar Marusa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa 'yan kwamiti duka jiya da dare.

Baba, Allah ya ja kwana. Kason ganga kowa ya yarda da shi nan take, har waɗanda ke son a sayar da kaya. Shago ne aka yi ta ja. Riguna da hulunan wasa ba sa jure gara da ɓera, kuma mun san abin da damina ke yi wa zaure. Abin da aka tsaya a kai shi ne mu sake shagon bakin titi, mu kama ɗaki ɗaya a cikin lungu da ba zai wuce 90,000 ba, gwaji da ajin yara su koma filin makaranta in hedimasta ya amince. Gobe ni da shugaba za mu je wurinsa tare da mai unguwa.

Ɗan siyasar ba a gama maganarsa ba. Makaɗa uku sun ce mu masu ɗinki da masu albashi muna da abin komawa, su ba su da shi, kuma ban ga laifinsu ba. Na ce a fara ba su fitar mutum biyar ɗin nan da Hajiya uwar amada ta kawo, su riƙa shiga kowace, mu sauran mu yi bi da bi. Biyu sun sauko, ɗaya ya ce sai ya yi shawara da gida.

Malam Akanta, asusun da sunana yake da na sakatare. Ka faɗa mani kimanin abin da rajistar jiha ke ci, da takardun da za mu tanada. Maganar makarantu kuwa malamanmu biyu sun ɗauka, sun ce za su fara da masu zaman kansu.

Mai kyamara, Asabar ƙarfe huɗu, amma sai na bi gidajen yaran na nemi izini tukuna, don akwai iyayen da suka ba mu 'ya'yansu mata bisa sharaɗin ba za a sa su a waya ba.

Hajiya, saura tambaya ɗaya. In kin ba da lasifika haya aka dawo da ita a ƙone, mai haya ya ce da ma haka take, yaya kike yi? Akwai takardar da kike sa su sa hannu kafin kaya su fita, ko jingina kike karɓa?